Makullin Tanderu

Zuwa ga Abuna Bisanti, a gidan zuhudu.

Ina sumbatar hannunka. Hilmi mai aski ne ke rubutawa, na ce kada ya gyara mini magana.

Abuna, yaron nan da aka kawo ya zama limamin cocinmu a madadinka, Abuna Sidrak, zai karɓe makullin tanderun coci. Shekara arba'in da ɗaya ina gasa gurasar bagade, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba. Ban yi makaranta ba, amma Zabura tana cikin kaina, da ita nake kwaɓi. Wai wanda ba ya cin jibin Ubangiji bai kamata ya gasa gurasarsa ba. Ya ba ni wa'adi zuwa bikin Ista: in shirya da ƙanena Labib, ko in miƙa makulli.

Ka san abin da Labib ya yi. Ranar da numfashin matata Dimyana ya sarƙe, motarsa ce kaɗai a ƙauyen, shi kuwa yana kwance cikin gonar rake da kwalbar giya. A kan jaki na ɗauke ta zuwa asibiti. Ba mu kai ko gada ba ta cika. Shekara tara ke nan. Kai ka ce mai gaba a zuciya kada ya matso bagade. Na ji, ban matso ba.

Shi kuwa kowane wata sai ya je ya furta zunubinsa, ya yi kuka, a ɗora masa gicciye a ka, ya buɗe baki a sa masa gurasar da na gasa. Kafin Laraba ya koma ruwa. Na tambayi yaron, "Nan coci ne ko wurin wankin mota?" Ya ce, "Baba Gattas, ai marasa lafiya ke zuwa asibiti." Ni zai gaya wa asibiti.

Ka rubuta masa ya bar mini makullina. Ka tuna da ni a addu'a.

Gattas Fanus

*

Ɗana Gattas,

Salamar Almasihu ta kasance tare da kai. Ka gaida Hilmi, ya sha aiki.

Ba zan rubuta wa Sidrak ba. Abin da ya yi, ni ya kamata in yi shi tun tuni, tsoron bakinka ya hana ni. Na yi zunubi, ka yafe mini.

Labib yana faɗuwa yana dawowa. Ba na ce shansa ƙaramin abu ba ne, ya ci mana Dimyana. Amma da alherin Allah ladan aiki ne, da ba a kira shi alheri ba. Bakwai sau saba'in aka ce mana mu yafe, ba a kuma ce sai mai laifi ya fara warkewa ba.

Kai ka fi ni sanin gurasar nan. Ba ka sa mata gishiri, amma kana sa yisti. Na taɓa gaya maka dalili: yistin zunubinmu ne da Almasihu Ya ɗauka a jikinsa, wuta ta kashe shi. Kowane mako kana zuba shi da hannunka. Na wa kake tsammani kake zubawa?

Kuma lissafa da kyau. Labib sau ɗaya yake faɗuwa a wata. Kai kullum safiya kake tashi ka sake ƙin sa.

Ka je.

Bisanti, mai rauni

*

Abuna,

Ina sumbatar hannunka, ko da yake ka haɗa ni da mashayi.

Na je ranar Talata, don makulli, ba don shi ba. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran taya, yana wari. Ya ce, "Yaya, ɓatan hanya ka yi?" Na ce, "Kai ne gwanin ɓata, jakin banza." Sai ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya ce, "Na yi zunubi, ka yafe mini." Haka yake yi mini kowace shekara a ƙofar coci ina tsallake shi.

Na ce, "Na yafe."

Ban ji komai ba, Abuna. Ba sanyi, ba zafi. Kamar na ce a miƙo mini buta. Ya yi ta kuka, ni kuwa ina kallon tayar, ta sha faci har huɗu. Matarsa ta kawo shayi, na sha, sukari ya yi yawa. Na dawo gida.

Da gari ya waye na buɗe ido, na ga gefen gadon Dimyana, abin ya dawo cif, ko gezau bai yi ba. Ke nan ƙarya na yi masa. Zan kai makullin da kaina kafin yaron ya aiko. Hilmi ya ce in dakata, na ce aikinsa rubutu.

Gattas

*

Gattas ɗana,

Salama gare ka. Ba ƙarya ka yi ba. Yanzu ka san yadda Larabar Labib take. Shi ya san hanyar komawa, kai ma ka koya. Ka sake faɗa masa ka yafe. Kada ka jira sai ka ji wani abu. Ka furta wa Sidrak, ka matso ranar Lahadi.

Allah Ya riƙe ka.

Bisanti

*

Abuna,

Gaisuwa da sumbatar hannu.

Na furta wa yaron. Ranar Lahadi na shiga layi, Labib yana gabana. Na buɗe baki. Gurasar ta ɗan yi tauri, ruwa ya yi mata kaɗan. Makullin yana aljihuna.

Jiya an tsinci Labib cikin rake. Na je da jaki na ɗauko shi. A hanya na sake faɗa masa na yafe, yana barci bai ji ba. Na goma sha ɗaya ke nan. Har yanzu ban ji komai ba.

Gobe akwai kwaɓi. Ka yi mini addu'a.

Gattas