Rediyonka ya cinye muryar kakanka

Abdulwasi'u,

Ramatu maƙwabciya ke rubuta mini. Na tahi Gaya gaisuwa, kana barci.

Jiya na shiga ɗakin tarkacenka. Cikin tsohhin rediyon da kake tarawa na ɗauki wanda ka ce ya hi ni ƙwari, na sa kaset ɗin da marigayi kakanka ya aiko mini daga Kwatano. Ya ce, "Marka, kina lahiya?" sai abin ya cinye zaren. Ban ko amsa mishi ba. Muryarshi kuwa nan kaɗai ta rage.

Na ɓalle murhin rediyon da wuƙa, ka yi haƙuri. Zaren na cikin kwanon gorona.

In bai gyaruwa, kada ka gaya mini. Ka ce kana nan kana dubawa.

Kakarka