Baba da Jirgin Ikko

Morris Heights, Bronx, New York
Watan Yuni

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ina Yaya Dikko da iyalinsa, da duk mutanen Tudun Wada? Mu nan lafiya, sai kewarki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Duk sanda na kira ki Baba yana zaune kusa da ni, kuma kin san kunnensa, abin da ba a so ya ji shi yake fara ji. Shi ya sa na ba mai tafiya ya kawo miki hannu da hannu.

Aikin idon Baba an yi nasara, alhamdu lillahi. Yanzu har ƙurar da ke kan talabijin ɗina yake hangowa ya yi min faɗa. Amma mantuwar ta fi yadda kika faɗa min, Inna. Kin ce tsufa ne kawai. Likita ya ce ciwo ne, kuma gaba yake yi.

Ranar Lahadi maigidana ya kai mu wani makeken fili da ake kira Van Cortlandt don Baba ya sha iska. Sai muka tarar da mutane cikin fararen kaya suna wasan kurket, wasu Indiyawa, wasu baƙaƙe 'yan tsibiran Karibiyan. Mutumin da sai na riƙe masa hannu yake sauka daga bene, shi ne ya zame hannunsa ya nufi bakin filin har ina haɗawa da gudu. Ya tsaya yana gyara musu tsayuwa da wani Turanci na zamanin da wanda ban san yana da shi ba. Da suka huta suka kewaye shi. Ya ba su labarin yadda Ikko da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, suka fara karawa tun kafin a haɗe Kudu da Arewa. Ya ce a zamaninsu Turawa na da ƙungiyarsu, baƙar fata na da tasu, kowa da nasa yake bugawa, ba a haɗa su ba sai dab da samun 'yanci. Ya ce a makarantarsu ta Zariya su ne ke share filin su shimfiɗa doguwar tabarma a tsakiya, don ciyawa ba ta kamawa, su buga ƙafa ba takalmi, malaminsu Bature yana zaune a inuwa. Bai manta ko ɗaya ba, shi da ba ya tuna ko ya karya. Wani dattijo a cikinsu ya ji daɗi har ya ba shi tsohuwar sandar bugunsa, faffaɗa ce kamar muciyar gidan biki.

Na dawo gida da murna, amma murnar ta koma ciki. Tun ranar Baba ya koma ɗan makaranta. Ya ce an zaɓe shi ya je Ikko a gwada shi, in ya ci gwajin ya buga da Gwalkwas. Jirgin ƙasan unguwarmu a kan gadar ƙarfe yake bi, ana jin ƙararsa har cikin ɗaki, to duk wucewarsa sai Baba ya miƙe ya ɗauki sandar ya ce jirgin Ikko ne zai tafi ya bar shi. Akua, maƙwabciyata 'yar Ghana da ke zama da shi in na tafi aiki, ta shiga uku da tsokana. Kullum sai ya gaya mata za su lallasa mutanenta, ita kuma ta rama da Hausarta ta Zango.

Ina dariya a gabansu, amma tsoro nake ji. A garin nan baƙin mutum riƙe da sanda a kan titi, ba a tambayar shekarunsa kafin a ji tsoronsa. Na yi miki alkawarin dawo miki da shi lafiya, kuma kullum na fita aiki gabana faɗuwa yake.

Inna, da gaske an taɓa zaɓensa? Ki gaya min. Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Zuhura

Morris Heights, Bronx, New York
Watan Yuli

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya kuma gwiwar ta yi sauƙi da damina. Kafin ki karanta sauran, ki sani Baba yana nan da rai, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ki zauna tukuna.

Saƙonki ya iso. Ashe da gaske ne an zaɓe shi, rasuwar kakanmu ce ta hana shi tafiyar, jirgi ya tashi daga tashar Zariya ba shi. Ban taɓa jin ya ambata ba. Da na karanta sai na ɓoye sandar a bayan firji, ya kuwa nemo ta kafin azahar, ya ce min ɓarayi sun yi yawa a makarantar nan.

Abin da nake tsoro ya faru ranar Talata da hantsi. Akua ta sauka ƙasa ta kwaso wanki, kafin ta dawo ƙofa a buɗe. Ta kira ni tana kuka ba na ma gane abin da take faɗa. Na fito daga asibiti da kayan aikina a jiki, ban san inda na nufa ba, gabas ko yamma. Ina cikin haka sai ga kiran Hamidou, wani ɗan Nijar mai sayar da huluna da tabarau a Fordham Road, ya san Baba a masallaci. Ya ce in zo yanzu, kada in tsaya tambaya.

Ashe Baba jirgin ya hau. Yadda aka yi ya wuce ƙofar tashar, Allah kaɗai ya sani. Ya sauka a Fordham Road, titin da ya fi ko'ina cunkoso, ya shiga tsakiyar inda ake tsallakawa. Akwai fararen layuka a wurin. Shi a ganinsa layin mai bugu ne. Na same shi tsaye a kan layin cikin farin kaftaninsa da ya goge da kansa, ya ɗan duƙa, yana ƙwanƙwasa sandar a ƙasa, idonsa a can nesa yana jiran a jefo masa ƙwallo. Motoci sun yi cirko-cirko, ana ta danna oda. Hamidou ya ce wani direba ya zo zai janye shi, daidai lokacin Baba ya kai bugu ga ƙwallon da shi kaɗai yake gani, sandar ta fasa madubin wata mota. Nan aka kira 'yan sanda.

Inna, ba na fatan ko maƙiyina ya ga abin da na gani. Sun yi masa zobe suna daka masa tsawa ya yar da sandar. Ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai kai jikan Baba ba, hannunsa yana kan bindiga. Mutane sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na ce musu da Turanci ubana ne, ba shi da lafiya. Na ce wa Baba da Hausa ya yi wa Allah ya ajiye. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ɗaga min hannu in matsa daga filin. Aka riƙe ni ta baya. Na ga ya sake ɗaga sandar sama zai kai wani bugun, sai na rufe ido na kama salati, don na riga na ji ƙarar bindigar a cikin kaina.

Da na buɗe ido sai na ga wata 'yar sanda, gajeruwa mai ɗan shekaru, ta ratsa abokan aikinta ta je ta tsaya nesa kaɗan tana fuskantarsa. Ta ɗaga hannun dama, ta miƙe yatsa ɗaya sama. Baba ya dube ta ya daɗe. Sai ya gyaɗa kai, ya saƙala sandar a hammata, ya taka a hankali ya hau gefen titi. Ni kuwa na zube a gaban teburin Hamidou.

Daga baya matar ta gaya min ubanta ɗan Jamaika ne, a bakin filin kurket ta girma. Ta ce mai bugu ba ya barin layinsa komai ihun da za a yi masa, sai alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, alamar ya fita. In kuwa an ɗaga, ba ya musu. Da ranar tana hutu, da yanzu wata takardar nake rubuta miki.

An duba shi a asibiti an sallame mu. Sun ba ni shawarar kai shi gidan tsofaffi mai ƙofa a kulle, na ce ban haifu ba in na yi haka. Na sa an ƙara sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, amma ko ƙofar maƙwabta aka buga sai na tashi na duba shi. Ki taya ni da addu'a, kada kuma ki gaya wa Yaya Dikko tukuna, kin san bakinsa.

'Yarki,
Zuhura

Morris Heights, Bronx, New York
Watan Agusta

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya ke da kowa na gida. Ki gafarta min gajartar wannan.

Sakatar da na sa ba ta yi amfanin komai ba. Tun ranar Baba bai sake kallon ƙofa ba. Jirgi yana wucewa ba ya ko ɗaga kai. Na yi ta roƙon Allah ya zaunar min da shi wuri ɗaya, ga shi ya zauna, kuma wannan zaman ya fi fitar tsorata ni. Ya ce an fitar da shi, wanda aka fitar kuwa zama yake yi. Na ce masa wasa ne kawai, wata baiwar Allah ce ta ɗaga yatsa don ta cece shi, sai ya yi min kallon mara tarbiyya. Mun mayar da shi filin nan ko zai farfaɗo, ya ƙi fitowa daga mota. Akua ta tsokane shi da Gwalkwas, ya ce mata Allah ya ba su sa'a.

Abinci sai da lallashi, cokali biyu na koko ya kau da kai. Kaftaninsa ya yi masa yawa. Ni ma ya daina gane ni, nas yake ce min, yana yi min godiya kamar baƙuwa. Likita ya ce doguwar tafiya a jirgin sama tana da haɗari ga zuciyarsa. Na tambaye shi zaman fa, ya ce shi ma ba shi da tabbas. Don haka na yanke shawara, za mu taho mako mai zuwa in Allah ya yarda.

Abin da ya sa na yanke shi ne wannan. Jiya bayan azahar ina naɗe masa darduma sai ya kira sunanki. Sunanki na yanka, Inna, wanda ni ma ba zan iya rubutawa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sa a bakinsa ba, kullum sai dai ya ce a kira masa mai ɗakin. Ya faɗe shi a fili, ya maimaita, babu kunya babu ɗar, ya ce a gaya miki ya gama wasan, ki haɗa masa ruwan wanka yana nan tafe. Tun da na ji haka nake tsoron kwanansa ya matso.

Na san halin da gwiwarki ke ciki, na san hanyar Kano ba daɗi. Duk da haka ki sa Yaya Dikko ya kawo ki filin jirgi, ki tsaya a inda zai fara ganinki. Kada ki jira mu a Zariya, Inna.

Taki har kullum,
Zuhura