Na nemi ƙuri'a, mutanen ƙauye sun ɗauka rabon hatsi ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ku ba ni shawara don girman Allah, na gaji, kaina ya ɗaure.

Ni ɗan jarida ne a nan Damagaram, muna da ɗan shafin labarai na Hausa a intanet, mu biyu ne kawai, ni da abokiyar aikina, zan kira ta Aishatu. Biron namu, wato ofishinmu, wani ɗan shago ne a Zango, ordinata (kwamfuta) ɗaya, fanka ɗaya, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke duk mu zauna muna fifita. Manhajar da muke ɗora labarai da ita ta kyauta ce, wasu ƴan sa-kai ne a ƙasashen waje suke gina ta, ba ma biyan ko dala. Suna da wani dandali da duk mai amfani da ita zai rubuta abin da yake so a ƙara masa, sauran jama'a su danna ƙuri'a, buƙatar da ta fi ƙuri'a ita ake fara yi.

Kun san yadda damina ta yi mana bana, gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Yanzu labarin da aka fi nema a shafinmu ba siyasa ba ne, shi ne ina za a sayar da hatsi mai rahusa, wace rana, tiya nawa ake ba mutum. To matsalar, shafin nauyi gare shi. A cikin gari yana buɗewa, amma can wajen Hamdara ko Damagaram Takaya, inda sai mutum ya hau tudu yake samun rezo, sai ya yi ta juyawa har kuredi ya ƙare bai nuna kalma ɗaya ba. Na cire hotuna, bai sauya ba, nauyin a jikin manhajar yake. Mun gwada tura saƙon murya a guruf, sai mutane su riƙa tura tsoho kamar sabo. Ƙanwar mahaifiyata da kanta ta ɗauki amalanke zuwa komin, ofishin magajin gari, a kan tsohon saƙo, ta tarar an gama sayarwa tuntuni, ta koma hannu wofi. Tun daga nan mutane suka ce su abin da ke shafi kawai suka yarda da shi, don yana da kwanan wata.

Sai na je dandalin na rubuta buƙatata da ɗan faransancin da na koya a lekkol, na ce a yi mana shafi marar nauyi, rubutu zalla, wanda zai buɗe ko rezo sanda ɗaya ne. Wata baiwar Allah cikin masu ginin ta amsa min, ita ce ma a baya ta gyara mana haruffan ƙ da ɗ da ɓ da suke fitowa kamar akwati, ba ta taɓa ganina ba, ba ta nemi komai ba. Ta ce ta fahimta, tana so ta yi, amma ƙa'idarsu sai buƙata ta hau sama da ƙuri'a. Na duba abin da ke sama, wallahi sai da na yi dariyar takaici. Wasu na so a baƙanta bayan shafi don kada haske ya dame musu ido, wasu na so hotuna su riƙa motsi. Tawa kuwa tana can ƙasa, da ƙuri'ata, da ta Aishatu, da ta wani bawan Allah da ban san ko kuskure ya yi ya danna ba. Wani ma ya rubuto wai ai manhajar a buɗe take, kowa na iya gyara ta, in rubuta gyaran da kaina. Ni da in ordinata ta tsaya kashewa da kunnawa kawai na iya.

Aishatu ba ta da irin haƙurina. Ta ce mu yi yadda ake yi lokacin zaɓe, mu tattaro sunayen mutanen ƙauye, mu buɗe wa kowa konti, mu danna musu. Na ce ƙa'idar ta ce kowa da hannunsa zai danna, in aka gane za a rufe mu, kuma da wane ido zan dubi matar nan? Ta ce mutanen nan ba aljanu ba ne, suna raye, kuma su ne ma masu buƙatar, in shafin ba ya buɗe musu ta yaya za su shiga su danna? Mun yi ta ja-in-ja, har ta ce min ina tsoron ɓata wa wadda ta ƙoshi rai fiye da tsoron yunwar dangina. Maganar ta yi min zafi, na yi shiru, ita kuma ta ɗauki shirun nan a matsayin na yarda.

Ta kira yayanta a ƙauye ta ce duk mai so a gyara shafi ya turo sunansa da lambarsa. To ku da kuka san ƙauye a shekarar fari, kun san abin da "ana ɗaukar sunaye" yake nufi. Ba wanda ya ji maganar shafi. Kafin mu farga labari ya zagaye ƙauyuka cewa ƴan jaridar Zango sun samo turawa masu rabon hatsi. Salulata ba ta huta ba tun ranar, wannan ya ce a sa shi da iyalinsa, wannan ta ce mijinta ya tafi ci-rani kada a manta da ita. Na tura murya na yi bayani, amma ƙaryatawar ba ta gudu kamar labarin farko, wasu ma cewa suke ɓoyewa nake don in ba nawa.

Jiya da hantsi wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar biro, da buhu a naɗe a hammata. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, an ce nan ne ake rabon. Na ce bari in zo da kaina, kar in wahalshe ku da kawowa." Na ce, "Baba, wallahi ba hatsi ba ne, ƙuri'a ce ta gyaran shafi." Ya ce, "To in na ba da sunan nawa, zai sa in san ranar da za a sayar?" Na ce zai iya yiwuwa. Ya ce, "To rubuta." Ya buɗe buhun, ya sake naɗe shi, ya tafi.

Yanzu sunaye sun taru, sun isa su ɗaga buƙatar sama, ana kuma rufe ƙuri'a ƙarshen makon nan. Dattijon nan kaɗai ne ya ba da sunansa yana sane da abin da ya bayar, sauran duk buhu suke jira. In na danna musu, na ci amanar matar da ta taimake mu, na kuma yi amfani da yunwar mutane. In ban danna ba, shafin zai ci gaba da juyawa, su kuma ba hatsi ba labari. Na yi tunanin in rubuta wa matar gaskiyar duka, amma ina tsoron ta ce mun riga mun shirya maguɗi ta daina amsa mana.

Ƴan uwa, in danna ko kar in danna? Kuma in wani dattijon ya sake sauka da buhu gobe, me zan ce masa?