Gem Ɗina Yana Tsinkewa, Matata Ta Daina Yi Mini Magana

Injiniya, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle.

A kantin magani nake aiki, a tsaye nake wuni, kuma abin da ke sanyaya mini rai shi ne gem ɗin tseren mota a kwamfutata ta tebur. Duk Asabar abokaina uku suna zuwa falona mu fafata. Watan nan na sa mata sabon katin hoto, na ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, da hannuna na haɗa komai. Maimakon ta ƙara gudu sai abin ya lalace. Mota tana tafiya sai hoton ya daskare, ya fizga, ya sake daskarewa, musamman a kan kwana. Fankar cikinta ta yi ta ihu, sau biyu ma kwamfutar ta mutu da kanta.

Ni dai matata nake zargi. Washegarin haɗawar na tarar ta janye akwatin kwamfutar ta goge bayansa da tsumma, alhali na sha hana ta. Ranar Asabar gem ya fara tsinkewa, abokaina suna ta yi mini tsiya, sai ga ta da shayi. Tana da i'ina tun yarinta, ba ta son magana cikin mutane. Na tsare ta na ce ta faɗa musu abin da ta taɓa. Kalmar ta maƙale mata, ta yi ta nanata harafi ɗaya. Na ce to ga shi, ta shafa wa kwamfutar ciwonta. Har na kwaikwaye ta. Biyu suka fashe da dariya, ɗayan ya ɗauki makullinsa ya fice, har yau ba ya ɗaga wayata. Wallahi raha ce kawai. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta ce mini uffan ba. Tana hira da 'yarmu, ni kuwa sai ta rubuta a takarda ta ajiye mini. Wannan ba raini ba ne? Amma gem ɗin ya fi damuna, don Asabar ta kusa.

Mai Tsere

Mai Tsere,

Tsumma ba ya sa gem tsinkewa. Cire direban tsohon katin gaba ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ka sa na sabon. Mutuwar da kwamfutar take yi da kanta kuwa, mai yiwuwa na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta ce ta yi wa sabon katin kaɗan. Duba ƙarfinta, in ta gaza ka canja. Tabbatar ram ɗin ya zauna a ramukan da littafin kwamfutar ya nuna, ka kuma duba zafin katin. Ka lura, duk wuraren nan hannunka ne ya taɓa su, ba nata ba.

Na yarda ka hana ta kuma ta taɓa, na yarda takarda ba ta gyara aure. Iyakar abin da zan ba ka ke nan. Matar nan ta girma ana kwaikwayonta a waje, gida ne kaɗai inda harshenta zai sarƙe ba ta ji kunya ba. Ka ƙwace mata shi don ka kare girmanka gaban mutum uku. Shirunta ba raini ba ne, tsoron bakinka take ji. Kuma 'yarku tana kallo.

Soke Asabar ɗin nan. Ka ba ta haƙuri, kada kalmar raha ta fito daga bakinka. Kira abokan biyu a gabanta ka gaya musu laifin naka ne. In ta fara magana, rufe bakinka ka jira, kada ka ƙarasa mata kalma ko ɗaya. Tana iya ƙin yafewa yanzu, kuma tana da gaskiya.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, kai kuma Ya sa ka cancanci hakan.

Injiniya