Naman Layyar Malam Garba da Rigar Auren Ɗiyata

Zuwa ga Baba Istifanus, shugaban Zumuntar Masu Fararen Riguna ta Bagudo.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da dukan 'yan'uwa. Ni ne Iliya tela na Zagga, wanda ka hana a amsa wa sallama. Tun da ƙofarka a rufe take gare ni, na rubuta a fili, in ya so wani ya karanta maka.

Na farko, ban manta da alherinku ba. Shekarar da aka sauke tutar Turawa, na ƙetaro daga ƙasar Dahome, daga ni sai keken ɗinki da ɗiyata Saratu, uwarta ta rasu, ban san kowa ba. Ku kuka ba ni ɗaki. Matanku suka riƙe Saratu, suka koya mata girki da waƙa. Ni kuma duk farar rigar da ake sawa ranar Lahadi, har taka, hannuna ya ɗinka ta. Na ji daɗin zama da ku, ba zan yi ƙarya ba.

Na biyu, zancen nama. Ka san al'adar garin nan: ranar babbar sallah maƙwabci yakan aika wa maƙwabcinsa naman layya, ba ya tambayar inda yake ibada. Malam Garba, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya aiko mini da cinyar rago. Ka ce ƙazanta ce, in mayar masa da ita da hannuna, da rana tsaka, don jama'a su shaida. Na yi biyayya. Na tarar da shi a zaure da baƙinsa daga Bahindi, na ajiye kwanon a gabansa. Wannan mutumin ne fa ya goya Saratu har bakin kogi don a ƙetare da ita wurin magani sa'ad da maciji ya sare ta. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Ba komai, Iliya. Baɗi ma akwai." Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na uku, da shekara ta kewayo ya sake aikowa. Na daɗe ina kallon kwanon. Sai na dafa, na ci, na je na yi masa godiya. Wataƙila na yi kuskure, Allah ne masani. Amma na duba zuciyata, ban iske na bar Almasihu ba. Da ka kaɗa ƙararrawa ka ce in zaɓa a gaban taro tsakanin zumunta da naman maƙwabcina, ni na tuɓe farar rigata na linke, na ajiye, na fita. Ba a kore ni ba, kuma ban zo roƙon komawa ba.

Na huɗu, shi ne abin da ke cin raina. Saratu ta zauna tare da ku, ban hana ta ba, ta mallaki hankalinta. To don me ka ce kada ta gaishe ni? Haba, Baba! Shekara uku ke nan, in mun haɗu a hanya sai ta sunkuyar da kai. Yanzu a bakin masu kifi nake jin za a ɗaura mata aure bayan girbi, kuma an ba wani tela ɗinkin rigarta.

Roƙona biyu ne. A bar ni in tsaya ranar auren, ko da a bayan danga ne, ba zan ce uffan ba. Sa'an nan a karɓi rigar da na ɗinka mata. Ban auna Saratu da awo ba. Da ido na auna ta daga nesa, a kasuwar Kende, tana cinikin albasa. In ta yi mata yawa a kafaɗa, kada a ga laifina, ta rame tun ganina da ita na baya.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ka zuciyar uba. Rigar tana gidan Malam Garba, shi ya ce zai kawo.

Wassalam.

Naka,
Iliya tela, Zagga.