Hannun Inna a Hotunan Zare

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana uku ke nan na kasa gaba na kasa baya a kan aikin da bai taka kara ya karya ba.

Mahaifiyata mai rinin zaren saƙa ce, shekara talatin da ɗoriya. Ni kuma tsara shafukan intanet nake yi. Bana ni da yayana muka ce bari mu buɗe mata kanti a intanet. Kin san 'yan akwatunan nan da mai saye yake dannawa ya zaɓi launi? Da farko launin kwamfuta na zuba musu, na kai mata ina taƙama. Inna ta leƙa, ta yi dariya har da hawaye, wai wannan fenti ne, ba zarenta ba. Kore kaɗai tana da bakwai, kowanne da sunan da ta raɗa masa. Biyu daga ciki kwamfuta ta ba su lamba ɗaya, wato a wurinta launi ɗaya ne, na tsaya ina musu, ta ja ni bakin taga ta ɗaga su a haske. Wallahi daban suke.

Sai na canza dabara: kowane akwati ya zama hoton zaren kansa, da siririn farin firam kewaye da shi, wanda aka zaɓa kuma firam ɗinsa ya yi kauri. Launi talatin da ɗaya muka ɗauka a bakin tagar nan, tana riƙe da zaren ina ɗauka.

Da na zauna gyara na ƙara girman hotunan, sai ga hannunta ya cika mini allo. Anti, hannun nan ya raine ni, amma ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Kowace tsaga da launinta: shuɗi a gindin farce, ja a gaɓar yatsa, wani a kan wani, na shekara da shekaru. Na fi awa ina kallo. Ashe da wannan aka yi mini komai.

Yaya ya ce in yanke hannun daga hotunan, masu saye za su ɗauka dauɗa ce, ga shi ranar Asabar za a buɗe. Na kasa yi masa faɗa, don ni na riga shi jin kunyar hannun nan. Ranar da aka ba ni kyauta a sakandare, roƙonta na yi ta sa safar hannu. Ta sa, cikin zafin nan, ta tafa mini da ita, kuma har yau ba ta tayar da maganar ba. Yanzu so nake duniya ta ga hannun. In yanke ko in bari?

'Yar Mai Rini

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, har na juya nawa hannun ina dubawa.

Yayanki yana da gaskiyarsa. Akwatin da bai wuce maɓallin riga ba, in launi biyu suka haɗu a ciki ido zai rikice, kuma wanda ya zaɓi wani kore aka kawo masa wani, sunan Inna zai ɓata. Inda ya zame shi ne kalmar dauɗa. Saboda haka a ƙananan akwatunan ki bar zare ya cika firam, ki rubuta sunayen da ta raɗa a ƙarƙashi. Babban hoton da yake buɗewa in an danna, can ne wurin hannu, zai ma nuna wa mai saye kaurin zaren.

Amma ga abin da na lura. Ke da yayanki kuna ta ja-in-ja a kan hannun da mai shi tana nan da ranta, kuma babu wanda ya tambaye ta. Kafin Asabar ki zaunar da ita, ki buɗe mata hoton da girmansa, ki faɗa mata da bakinki abin da kika faɗa mini, har da neman yafiya. Shafin intanet ba zai nema miki ba.

Sannan ki yi shiru ki saurara. Mai yiwuwa ta ce a bari, mai yiwuwa ta ce a yanke. In ta ce a yanke, ki yanke ko da kina kuka, don kada ki wanke kunyarki da abin da ba ta so. Wannan karon ita za ta zaɓa.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya sa ku buɗe a sa'a.