Kifin Ƙarƙashin Gadon Auta

Baban Auta,

Na gano warin nan da ya dame mu. Aikin gasar zanen abinci mai gina jiki ne na makarantarsu. Ashe kai ka ce ya manna kifi da dafaffen ƙwai na gaske a kwali, shi kuma ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Da na jawo, tsutsotsi ke ta motsi a kai. Sai da na yi amai.

Na zubar. Ya tafi makaranta yana kuka, wai na ɓata masa gasa, ga shi gobe za su miƙa. In ka tashi, ka sayo kwali da fenti ku zana kifin da hannu.

Na makara. Katifar ma ta ɗauki warin, wankinta naka ne.